Katin Wi-Fi da Ke Ɓuya: Yadda Gyaran Kwamfutar Ƙanwata Ke Tafiya

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Kwamfutar ta ƙanwata ce, laftof tokumbo mai Windows 10, kuma a kanta take rubuta furojet ɗinta na ajin ƙarshe. Ƙorafinta gajere ne: "Yaya, yau Wi-Fi yana nan, gobe ko alamarsa babu."

Matsalar Wi-Fi kashi biyu ce, kuma maganinsu ba ya haɗuwa. Akwai wadda kwamfuta ke ganin sunayen hanyoyin da ke kusa amma ta kasa shiga, ko ta shiga ta yanke. Wannan ana neman ta ne a wajen rauta, ko lambar sirri, ko nisa. Akwai kuma wadda maɓallin Wi-Fi ɗin kansa ke ɓacewa daga kusurwar allo, a bar ka da hoton duniya da alamar jirgin sama. Tata irin ta biyun ce.

Na buɗe Device Manager, inda Windows ke jero na'urorin da ke cikin kwamfuta, a lokacin da abin ke aiki. A ƙarƙashin Network adapters ga sunan katin nan, Intel Dual Band Wireless-AC 8260, lafiya lau. Da yamma ya ɓace, na sake dubawa: babu shi a jerin, babu ko alamar gargaɗin nan mai ruwan ɗorawa. Sai da na shiga View na zaɓi Show hidden devices ya fito a dushe, da lamba 45.

Lambobin nan suna da amfani ga wanda ya tsaya ya karanta su. Lamba 28 na nufin na'urar tana nan amma ba a saka mata direba ba, wato manhajar da Windows ke magana da na'urar ta hanyarta. Lamba 10, tana nan amma ta ƙi tashi. Lamba 43, ta tashi ta kawo ƙara, Windows ya dakatar da ita. Ita kuwa 45 cewa take yi a halin yanzu na'urar ba ta haɗe da kwamfutar kwata-kwata, sunanta kawai aka tuna. To kati ne da ke cikin cikin kwamfuta, ba wanda ya zare shi, amma Windows ya ce ba ya nan.

Ta ce wani a makarantarsu ya sauke direban ya sake sakawa, daga baya ma ya yi wa kwamfutar fomat gaba ɗaya, har ta rasa wasu takardunta. An bar jaki ana dukan taiki. Direba ba ya iya magana da abin da kwamfutar ba ta gani ba.

Na ba ta aiki guda: duk sanda ya ɓace ta rubuta lokaci, da ko caja na jone, da abin da take yi kafin nan. Kafin a gama, za ta riƙa jona wayarta da igiyar USB tana shan data daga can.

Laraba, 8 ga Janairu

Yau na kawar da abubuwan da ba sa buƙatar sukundireba.

Na farko shi ne saurin tashin nan, Fast Startup, da ya shigo tun Windows 8 a 2012. In ka danna Shut down, kwamfutar ba ta mutuwa duka. Tana ajiye halin da zuciyar Windows da direbobi ke ciki a kan hadis (hard disk), in an kunna ta ɗauko daga nan. Idan kati ya rikice kafin a kashe, rikicin na iya biyo shi zuwa washegari. Restart ne ke wanke komai, akasin yadda yawancin mutane ke zato. Na buɗe Command Prompt da ikon mai gida (administrator) na rubuta `powercfg /h off`, wanda ke kashe dogon barcin kwamfuta (Hibernate) da saurin tashin tare.

Na biyu, a shafin Power Management na katin na cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe shi don tattalin wuta. Na uku, na cire caja, na kashe ta, na danne maɓallin kunnawa kamar rabin minti don sauran wutar da ke maƙale a babban allon cikinta (motherboard) ta tsiyaye. Na leƙa BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, kuma na tabbatar ba a kashe Wi-Fi daga can ba.

Da na kunna ya dawo. Ban yi murna ba, don dama yana dawowa da kansa in ya ga dama. Kafin isha'i ya sake tafiya.

Asabar, 11 ga Janairu

Na sauko da Ubuntu 24.04, wani tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, kusan gigabayit 6 ne, don haka a tsakiyar dare na yi lokacin da data ke da sauƙi. Na ɗora shi a filash da manhajar Rufus, na tayar da kwamfutar daga filash ɗin ba tare da na taɓa Windows ɗinta ba. Manufar ita ce a samu shaida na biyu. In katin ya ɓace a nan ma, Windows da direbansa sun fita daga zargi.

Umarnin `lspci -nn` yana jero duk abin da ke haɗe ta hanyar PCI Express, wato hanyar da katuna irin wannan ke bi su haɗu da babban allo, kowanne da lambar shaidarsa. A tashin da aka yi sa'a, katin ya fito da 8086:24f3. Rabin farko na kamfanin da ya ƙera ne. Ya kamata mai gyara ya haddace 'yan kaɗan: 8086 Intel, 10ec Realtek, 168c Qualcomm Atheros, 14e4 Broadcom. Da su za ka gane katin da ke cikin kwamfuta ba tare da ka buɗe ta ba, ko da Windows ya ce bai san shi ba. A tashin da ba a yi sa'a ba kuwa, layin babu shi sam. Wannan ya kuma cire maɓallin jirgin sama daga lissafi: in shi ne, `rfkill list` zai nuna an toshe rediyon, amma katin zai ci gaba da fitowa a jeri.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a `lsusb`, umarnin da ke jero abin da ke haɗe ta USB, na gan shi. A daidai lokacin da Wi-Fi ya ɓace, Bluetooth yana nan daram da lambarsa 8087:0a2b. Na haɗa shi da wayata, ya kama.

Ga dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci. Wi-Fi da Bluetooth a kan kati ɗaya suke, ɗan ƙaramin kati nau'in da ake kira M.2 mai faɗin milimita 22 da tsawon 30, kuma wuta ɗaya suke sha, bolt 3.3. Amma hanyar da kowanne ke bi ya isa ga babban allo daban ce. Wi-Fi ta PCI Express yake bi, Bluetooth ta USB. Da katin ya ƙone ko wuta ta daina isa gare shi, da duka biyun sun tafi tare. Tunda ɗaya ya tsaya, katin na samun wuta, matsalar tana kan hanyar ɗayan.

Kuma hanyoyin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Bluetooth ɗin nan layuka biyu kacal yake buƙata, yana tafiya a megabit 12 a daƙiƙa. PCI Express kuwa, ko zubin farko, sigina biliyan biyu da rabi yake turawa a daƙiƙa, yana buƙatar layuka biyu na aikawa, biyu na karɓa, biyu na agogo mai megahaz 100, da wasu na umarni. Haƙoran katin rabin milimita ne tsakaninsu. In haƙori ɗaya ya ɗan ɗaga ko ya yi datti, PCI Express ne zai fara faɗuwa, USB ya ci gaba da harkarsa.

Na gwada tilasta wa Ubuntu ya sake bincike da `echo 1 > /sys/bus/pci/rescan`, ba abin da ya fito. Haka Scan for hardware changes ke yi a Windows. Ba mamaki: a lokacin tashi ne ake ƙulla hanyar tsakanin kati da allo, kuma BIOS da yawa, in ba su ji kowa a wata ƙofa ba, rufe ta suke yi har sai tashi na gaba.

Yanzu zargina ya koma kan gurbin da katin ke zaune.

Talata, 14 ga Janairu

Ta turo min hoton takardar da take rubutawa. Abu biyu ne ke ta maimaituwa. Na ɗaya, in ta ɗauki kwamfutar da hannu ɗaya ta kusurwa daga ɗaki zuwa tsakar gida, ko ta fito da ita daga jaka. Na biyu, "bayan an ɗauke wuta".

Na tambaye ta ko ba rauta ce ke mutuwa in an ɗauke wutar ba. Ta ce, "Haba Yaya, MiFi ne fa, da batirinsa. Wayata tana kai a lokacin." Na farkon ya dace da zargina, don jikin laftof na ɗan lanƙwasa in an ɗaga shi ta gefe guda. Na biyun bai dace ba tukuna. Na ajiye shi gefe.

Asabar, 18 ga Janairu

Na buɗe ta. Kafin komai na zare igiyar batir daga allo, na danne maɓallin kunnawa, sannan na taɓa ƙarfen taga don sauke wutar jiki. A hunturu ba a wasa da wannan, iska ta bushe, ko riga ka cire sai ka ji tartsatsi.

Katin ba shi da noti. A inda notin ya kamata ya zauna, wani da ya riga mu buɗe kwamfutar ya manna baƙin salatif, zafi ya narkar da gam ɗinsa, ya saki gefe guda. Katin M.2 a karkace ake zura shi, haƙoran gurbin suna tura shi sama, noti ne ke kwantar da shi ya matse haƙoran a juna. In babu noti, murfin ƙasa ne kawai ke danne shi, kuma yadda murfin ya danna ya danganta da yadda aka riƙe kwamfutar. Ga amsar abu na farko a takardarta.

Wayoyin eriya biyu, baƙa da fara, suna nan a maƙale. Na duba su ne don cika aiki, ba don ina zarginsu ba. Eriya in ta cire, sigina ne ke raguwa, sai ka matso kusa da rauta kafin ka samu. Ba ta sa kati ya ɓace daga jeri. Na ɗaga su a tsaye da farce a hankali, don kawunan irin na M.2 ƙanana ne ƙwarai, in ka ja ta gefe sai kan ya fita da gindinsa daga katin.

Ƙura ta shiga ko'ina, ja-ja-ja, fanka har ta yi gashi. Haƙoran katin sun dushe, kuma a kan wasu daga cikinsu akwai zane inda suka daɗe suna gogar gurbin. Na goge su da sifirit ɗin goge allo a ɗan tsumma marar gashi, na bi gurbin da busasshen buroshi mai laushi da abin hura iska. Ban hura da baki ba, danshi ne. Noti kuwa mai girman M2 ne, wato kaurin milimita 2, mai tsawon milimita 3, na cire daga wata matacciyar laftof da ke ajiye a gida. Kada a sa wanda ya fi haka tsawo, yana iya huda abin da ke ƙasa.

Tunda na buɗe, na duba batirin ko ya kumbura, don kumburarren batir na tura allo ya jawo irin wannan. A shafe yake.

Na rufe, na kunna, na ɗaga ta ta kowace kusurwa, na ɗan murɗa jikinta, na ƙwanƙwasa ƙasan da yatsa. Katin bai motsa daga jeri ba.

Talata, 21 ga Janairu

Tun Asabar ba a samu tashin da katin bai fito ba, kuma yawo da ita a gida bai ƙara kawar da shi ba. Amma jiya da daddare an ɗauke wuta, ta tashi ta ɗauko fitila, ta ɗan daɗe, da ta dawo babu Wi-Fi. Wannan karon ba ɓacewa ya fara yi ba. Ta ɗauki hoton Device Manager, katin na nan da alamar gargaɗi da lamba 43, bayan Restart kuma ya koma 45. Sai da ta kashe gaba ɗaya ta kunna ya dawo.

Ashe matsala biyu ce ke sanye da riga ɗaya. An cire guda, saura guda.

Alhamis, 23 ga Janairu

Abin da ɗauke wuta ke canjawa a laftof guda ne: ta koma kan batir, Windows ya sauya zuwa tsarin tattali. Na shiga Power Options, Change advanced power settings, PCI Express, Link State Power Management. A kan caja na tarar da Moderate power savings, a kan batir Maximum power savings.

Wannan saitin ba shi ne wanda na cire ranar 8 ga wata ba. Wancan katin yake kashewa. Wannan hanyar da ke tsakanin kati da allo yake sa wa gyangyaɗi in ba a aika komai. Matsakaicin matakin, wanda ake kira L0s, gyangyaɗi ne mai sauƙi, farkawa nan take. Babban, L1, ya fi zurfi, a can ana iya tsayar da agogon nan mai megahaz 100 gaba ɗaya. In kati na son a dawo masa da agogo, akwai haƙori guda da yake amfani da shi ya nema, CLKREQ# sunansa. In wannan haƙorin ba ya taɓawa sosai, ko hanyar ta kasa daidaita kanta bayan farkawa, kati zai kwanta ya kasa tashi. Direba ya tambaye shi, amsar da ke dawowa ɗaya-ɗaya ce zalla, wato ffffffff, alamar ba kowa a gidan. Daga nan sai lamba 43.

Na gwada da gangan. Na cire caja, na bar ta ba a taɓa ba, na je na yi sallah na dawo: ya faɗi. A Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, ƙarƙashin System, na ga gargaɗin WHEA-Logger mai lamba 17 a jere kafin faɗuwar, wato kurakuran PCI Express da aka samu aka gyara a hanya. Kaɗan daga irinsu ba abin damuwa ba ne. Tarinsu a kan ƙofa ɗaya yana nufin hanyar ba ta da tsabta. Na kuma fitar da rahoto da `netsh wlan show wlanreport`, wanda ke zana abin da Wi-Fi ya yi a kwana uku na baya, lokutan yankewar suka dace da na takardarta.

Sai na mayar da saitin Off a kan batir da kan caja duka. Wanda ya fi son rubutu, ga na kan batir: `powercfg /setdcvalueindex SCHEME_CURRENT SUB_PCIEXPRESS ASPM 0`, sannan `powercfg /setactive SCHEME_CURRENT`. A Ubuntu na kwatanta da ƙara `pcie_aspm=off` a layin tashi. Na bar ta a kan batir har ya kusa ƙarewa, katin bai faɗi ba.

Wannan rufe ciwo ne, ba warkarwa ba. Lafiyayyen kati a lafiyayyen gurbi yana shiga L1 ya fito ba tare da kowa ya sani ba, miliyoyin kwamfutoci na yin haka kullum. Kuɗin da za a biya shi ne ɗan ƙarin cin batir, kuma ga mai furojet a hannu wannan ciniki ne mai kyau. Amma ina son sanin ko katin ne ya ji rauni ko gurbin.

Wani abokina ya ce in sabunta BIOS. Shawara ce mai ma'ana, don irin waɗannan gyare-gyaren na tattalin wuta sukan zo a cikin sabon BIOS. Sai dai ba zan yi shi a gida da tsohon batir da wutar da ba ta da alƙawari ba. In ta yanke a tsakiya, maganar Wi-Fi ta ƙare, an koma maganar babban allo.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na je Farm Centre, kasuwar wayoyi da ke Kano, wajen wani mai gyara da muka saba. Na ce masa aron kati nake so na mako ɗaya, in ya yi in biya. Ya buɗe wata robar da ke cike da katuna, ya miƙo min 9560, ya ce, "Ga sabo-sabo, ya fi naka ma."

Na ce, "Injiniya, wannan ba zai tashi a tawa ba." Ya juya shi ya duba, ya yi dariya ya ce, "Gaskiyarka, Malam, na sababbin ne."

Tarko ne da ke cin kuɗin mutane. Katuna irin 9462, 9560, AX201 da AX211 girmansu ɗaya da sauran, wasu ma za su shiga gurbin tsaf, amma rabin kati ne. Tsarin CNVi suke bi, inda babban ɓangaren aikin Wi-Fi ke cikin cif ɗin kwamfutar, katin rediyo kawai yake ɗauke da shi. A kwamfutar da ba a gina ta don haka ba, ko a jeri ba zai fito ba, sai mutum ya ɗauka gurbinsa ne ya mutu. Waɗanda ke bin PCI Express da USB na gargajiya su ne irin 8260, 8265, 9260, AX200 da AX210. Akwai kuma tsofaffin laftof da BIOS ɗinsu ke da jerin katunan da ya yarda da su kaɗai, in ka sa baƙo ya ƙi tashi. Shi ya sa aro ya fi saye a matakin gwaji.

Ya laluba ya samo 8265. A shagon muka sa, ya ɗaure notin da kansa, ya fito a jeri da 8086:24fd. Kafin ya rufe ya haska gurbin da madubin ƙara girma, ya nuna min haƙora biyu da suka fi sauran kwanciya. Ya ce zai iya ɗago su da allura, ko ya canja gurbin da iska mai zafi, amma bai ba ni shawarar ko ɗaya ba muddin tana aiki. Na yarda da shi. Gurbin yana kusa da wasu ƙananan kaya, zafi in ya wuce wuri sai a gyara ɗaya a ɓata uku.

Na mayar da saitin batir zuwa Maximum da gangan, don gwajin ya zama gwaji.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Katin aro ma ya faɗi. Bai kai na asalin yawan faɗuwa ba, amma yanayin ɗaya ne: kan batir, ba a taɓa kwamfutar ba, gargaɗi mai lamba 17 a jere, sannan 43. Kati biyu daban, alama ɗaya, gurbi ɗaya. Na kuma ba mai gyaran namu 8260 ya sa a wata laftof da ke shagonsa, ya bar ta a kan batir, ya ce bai ga ya ɓace ba. Hukuncin ya faɗa kan gurbin, kuma ya dace da haƙoran nan biyu da watannin da katin ya yi yana rawa ba noti.

Na mayar masa da katinsa, na dawo da namu, na ɗaure, na kashe Link State Power Management a kan batir da caja. Na kuma duba sauran tsare-tsaren wutar da ke kwamfutar na kashe a kowanne, don saitin na kowane tsari daban ne, in ta sauya daga Balanced zuwa Power saver zai dawo. Tun ranar Laraba take aiki da ita a haka, da wuta da babu wuta, ba ta kira ni ba.

Abin da ya rage: in ta miƙa furojet, zan kai kwamfutar shago inda akwai inbata a sabunta BIOS, sannan in mayar da saitin Moderate in ga ko gurbin zai iya ɗaukar wannan matakin. Zan kuma saya mata ɗan ƙaramin Wi-Fi na USB ta ajiye a jaka, wanda Windows 10 ke ganewa da kansa ba sai an sauko da direba ba, don ranar da na cikin ya ƙi fitowa ba za a samu intanet ɗin sauko da shi ba. Takardar rubuta lokutan kuma na ce ta ci gaba da ita har ƙarshen wata.